Sirrin Unguwa A Hannun Auta

"Auta! Auta! Zo ki gani, na sake cin kyauta!"

Auta ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zanenta. Umma na zaune a kan tabarma, tabarau ya zamo har kan karan hanci, ta riƙe waya can nesa kamar mai tsoron kada ta cije ta.

"Me kika ci yau kuma?"

"Firji. Sun ce in rubuta sunana da ranar haihuwata kawai."

"Umma ke nan! Da firjin nan da kike ci gaskiya ne, da tuni mun buɗe shago." Ta karɓi wayar ta goge saƙon. "Waɗannan ba kyauta za su ba ki ba, bayananki suke farauta."

Auta ce ƙarama a gidan, ita kaɗai ta rage a gaban Umma tun da yayyenta suka yi aure suka watse. Injiniya ce a kamfanin da ke ba gidajen unguwarsu intanet. An riga an tsayar da ranar aurenta da wani malamin sakandare da kowa ke kira Ticha, har ita ma, sai dai a bakinta sunan ya fi zaƙi.

Umma ta gyara tabarau. "To ku fa a kamfanin naku? Duk abin da nake yi kuna kallona?"

"In mun so, muna iya ganin kowace ƙofa kika shiga da lokacin da kika shiga, ko da ba mu ji abin da kika faɗa a ciki ba. Shi ya sa na sa miki manhajar VPN. In kin kunna ta, kamar kin shiga mota mai baƙin gilashi ne. Za mu ga mota ta wuce, amma inda ta nufa ba mu sani ba."

"Ke da kanki kike ɓoye ni daga idonki?"

"Ni da kaina, Umma. Yau ni ce a kan kujerar, gobe wa ya san wanda zai hau?"

Sallamar Ticha ce ta katse su. Shi da ya saba shigowa da barkwanci har Umma ta kore shi da mafici, yau gaisuwa kawai ya yi, ya zauna yana juya makullin babur a hannu. Da Umma ta ba su wuri, Auta ta dube shi.

"Lafiya? Ko ɗalibai ne suka sake sace maka alli?"

"Abba ne yake son ganinki gobe. A ofis."

"Ni? A ofis?"

"Haka ya ce. Bai gaya mini dalili ba."

Mahaifin Ticha shi ne shugaban ofishin da ke kula da ruwan sha, shi ya sa mutane ke ce masa Darakta. Dattijo ne mai furfura da sanyin murya, wanda bai saba faɗin magana sau biyu ba. Washegari da hantsi Auta ta shiga ofishinsa ta russuna ta gaishe shi, kanta a ƙasa don kunyar suruki.

"Zauna, 'yata. Ki yi haƙuri na kira ki nan, na san ba haka aka saba ba."

Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Hotuna ne: bokiti a ƙarƙashin famfo cike da ruwa mai launin laka, sai yara kwance a gadon asibiti ana ƙara musu ruwa. Wanda ke saka hotunan a intanet ya ɓoye sunansa, Ɗan Unguwa kawai yake kiran kansa.

"Manyana na sama sun hana ni sakat," in ji Darakta. "Suna so su san ko wane ne. An ce daga unguwarku yake sakawa, da layin kamfaninku. Ki fito mini da bayanan gidajen unguwar gaba ɗaya, wa ya buɗe me, da yaushe. Jami'an tsaro za su tace su gano shi."

Auta ta ɗago kai.

"Abba, akwai takardar kotu?"

"Wace kotu kuma? Magana ce ta cikin gida. Ke fa 'yata ce yanzu."

"Abba, ka gafarce ni. Bayanan nan ba nawa ba ne balle in bayar. Na mutane ne, amana suka ba mu. A ciki akwai mai neman maganin ciwon da ko matarsa ba ta sani ba, akwai mai neman aiki a ɓoye, akwai matar da ke neman shawara a kan aurenta. In alƙali ya ba da umarni a kan mutum ɗaya da hujja, wannan daban. Amma unguwa guda, ba takarda… ba zan iya ba."

Darakta ya kafe ta da ido.

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

Ta ce, "Ba zan yi ba, Abba."

"To. Tashi ki tafi. Na gode."

Da yamma Ticha ya iso ƙofar gidansu, ko babur ɗin bai tsaya ya kafe da kyau ba.

"Auta, me kika yi? Abba ya ce yarinyar da ta ce masa a'a tun tana waje, in ta shigo gida sai ta hau kansa. Ya ce a ɗaga biki!"

"A ɗaga?"

"Har sai kin yi abin da ya ce. Don Allah ki taimake ni. Danna kwamfuta ne kawai fa! Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Haba! Saboda wani da ko fuskarsa ba ki taɓa gani ba za ki rusa mana aure?"

Hawaye suka cika mata ido, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ticha, saurara. In na buɗe sirrin mutane don in same ka, ranar da muka yi faɗa a gidanka me zai hana in buɗe naka? Za ka iya kwana da matar da ka san tana leƙa wa mutane asiri in ta ga riba? Ni ina sonka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidanka da hannu mai datti ba."

"Wato aikinki ya fi ni."

"Ban ce ba!"

"Ba sai kin ce ba."

Ya tayar da babur ya tafi. Auta ta shiga gida ta faɗa kan cinyar Umma ta fashe da kuka. Umma, da ta ji komai ta taga, ta riƙa shafa mata kai.

"Ni dai, Auta, da kin ba shi an huta. Aure fa ba wasa ba ne. Me za mu ce wa dangi?"

"Umma, gidanmu ma a unguwar nan yake. Na maƙwabciyarmu mai jego yana ciki, na liman yana ciki, na ƙawayenki duka. Ki ce in kwasa in miƙa, in kuma fito gobe in gaishe su da murmushi?"

Umma ta ɗago fuskar 'yarta.

"Share hawayenki. Ban haife ki don ki ci amanar mutane ba. Dangi kuwa, bar ni da su, bakina bai mutu ba."

Darakta bai tsaya nan ba. Ya kira manajan kamfanin kai tsaye, jami'an tsaro ma suka kira. Auta na cikin ɗakin injuna, inda sanyi ke ratsa ƙashi kuma ƙananan fitilu ke ta ƙiftawa kore da ja, sai ga Manaja ya shigo yana share goshi duk da sanyin.

"Injiniya, ki taimaka ki fitar da fayil ɗin nan. Lasisinmu a hannun mutanen nan yake."

"Ranka ya daɗe, su kawo takardar kotu. Ko kai ka rubuta mini umarni ka sa hannu."

"In sa hannu? So kike a ɗaure ni?"

"To ka gani. Abin da kake tsoron sa wa hannu, shi kake so ni in aikata."

Manaja ya fusata. Kafin a tashi aiki an miƙa mata takardar dakatarwa. Ta ajiye katin shiga a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita ba ta waiwaya ba. A ranar Manaja ya zauna da kansa ya kwashe bayanan unguwar kaf, ya aika wa jami'an tsaro.

Ba aiki, ba biki, ba kiran Ticha. Maganganu suka fara yawo. Wasu suka ce girman kai ne na 'yan boko, wasu suka ce ai ita ce Ɗan Unguwar. Auta ta rame, abinci ma sai Umma ta tsaya a kanta. Sau da yawa takan ɗauki waya ta nemo lambar Ticha, ta zuba mata ido, ta ajiye.

Amma ba ta yarda ta zauna tana kuka kawai ba. Wata safiya ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta ce wa Umma ta kira maƙwabta.

"Abin da aka kwasa an kwasa," ta ce musu. "Amma na gaba za mu iya karewa. Kowa ta fito da wayarta."

Ta nuna musu ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke saman shafin intanet, ta ce in babu shi kada su rubuta komai nasu. Ta nuna musu manhajojin saƙo da ke kulle magana, ba mai iya karantawa sai wanda aka aika wa. Ta sa musu VPN, ta gargaɗe su da irin na kyauta da ba a san mai su ba, don wasu su ma tattara bayanan suke yi su sayar. Da aka zo kan kalmar sirri kuwa, dariya ta kusa kashe ta.

"Inna, mece ce taki?"

"Sunan jikana mana."

"Wanda duk unguwa ta san sunansa?"

"To sunan wa zan sa, na maƙiyina?"

Tun ana zuwa mutum biyar har tsakar gidan ya daina ɗaukarsu. Maza ma suka fara aiko da wayoyinsu, daga baya suka ajiye kunya suka zo da kansu.

Ana cikin haka, wata rana da azahar Ticha ya faɗo gidan ko sallama bai gama ba. Idanunsa sun yi ja.

"Auta, sun kama Tela!"

Tela dattijo ne mai shago a bakin titi, shi ke ɗinka wa Ticha kayan angonci. Ticha ya je ne ya ce masa ya dakata da ɗinkin, sai ga mota ta tsaya. A gabansa aka fito da tsohon, igiyar awo na rataye a wuyansa, ana cewa daga layin shagonsa aka saka hotunan.

"Mutumin da ko saƙo bai iya rubutawa ba!" in ji Ticha. "Ya sa waifai ne don masu jiran ɗinki su riƙa shiga intanet, rabin titin nan da shi suke amfani. Matarsa ta biyo motar ba takalmi tana kuka. Auta… abin da na roƙe ki ki yi ke nan. Da da hannunki aka yi wannan." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini."

Ta daɗe tana jiran wannan kalma, amma ba ta tsaya jin daɗinta ba. Ta jawo mayafinta.

"Na yafe. Tashi mu nemi lauya."

Lauyar da suka samu ta saurare su, sannan ta dubi Auta. "Ana buƙatar wanda zai yi wa alƙali bayani cewa layi ɗaya ba mutum ɗaya ba ne, kuma ya shaida cewa ba da takarda aka ɗauki bayanan ba. Amma ki sani, sunan surukinki zai fito."

Auta ta dubi Ticha. Shi ya riga ta magana.

"Za ta yi. Ni zan je in gaya wa Abba da bakina."

Ya je kuwa. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa a falo ya ce, "Abba, ban taɓa saɓa maka ba, yau ma ba rashin kunya na zo yi ba. Amma an ɗaure bawan Allah a kan abin da bai yi ba. Zan raka Auta kotu. Aure kuma, ba zan yi shi ba sai da yardarka, amma ba zan auri wata ba. Zan jira."

Darakta ya tashi ya shige ɗaki.

A kotu Auta ta tsaya a gaban alƙali. Ta yi bayani dalla-dalla har ya fahimta. Ya tambayi jami'an ina takardar da ta ba su izinin karɓar bayanan mutane, suka yi ta kallon juna. Aka sallami Tela. A bakin kotu tsohon ya ɗaga hannu sama yana sa mata albarka har hawaye na bin gemunsa.

Sai dai fayil ɗin da Manaja ya fitar bai zauna wuri ɗaya ba. Daga tebur zuwa tebur, daga waya zuwa waya, ya yi ta yawo a ofisoshi. Aka fara jin asiran mutane a bakin waɗanda ba su da haɗi da su. Wata budurwa aka fasa aurenta, wani magidanci ya daina fita masallaci don kunya. Mutane suka fusata, suka riƙa yanke layin kamfanin suna komawa wani.

Wata rana da la'asar, Auta na wanke kofuna, sai ta ji sallamar da ta sa kofi ya kusa suɓuce mata. Darakta ne da kansa, Ticha na biye da shi. Umma ta yi saurin shimfiɗa darduma. Dattijon ya zauna a hankali, ya rame, kamar ba shi ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "'Yata, matso kusa. Abin da zan faɗa ko ɗana bai sani ba sai jiya."

Auta ta matso ta durƙusa.

"Na jima ina fama da ciwon ƙoda. Na ɓoye wa kowa, don kada hankalin iyalina ya tashi. A wayata nake karanta bayani, ina neman asibiti. Na manta cewa gidana ma a unguwar nan yake." Ya yi murmushi mai ɗaci. "A taron ofis, a gaban yaran da na koya wa aiki, wani ya ce tunda Darakta kullum asibitin ƙoda yake nema, ya kamata ya je ya huta. Sun ajiye ni daga aiki. Matata a bakin wata ta ji ciwona, ba a bakina ba."

Umma ta ce, "Subhanallahi! Allah ya ba ka lafiya."

"Amin. Da aka faɗi maganar nan, ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. A nan na tuna da abin da kika ce, akwai mai neman maganin ciwon da ko matarsa ba ta sani ba. Ashe ni kike karewa, ni kuma ina yaƙarki. Da ƙarfin da na sa wajen neman mai hoto na sa shi wajen gyaran bututu, da yaran nan ba su kwanta ba, da Tela bai kwana a tsare ba. Daga wurinsa nake, na roƙe shi gafara. Saura ke."

Auta ta fashe da kuka. "Abba, don Allah ka daina. Ni 'yarka ce, ba ka yi mini komai ba."

"Na yi. Kuma ɗana ya yi dace. Wadda ta riƙe amanar mutanen da ba ta sani ba, ba za ta ci ta mijinta ba." Ya juya ga Umma. "In kun amince, a mayar da rana."

"Mu dama ba mu ɗaga ba," in ji Umma. "Ku kuka ɗaga, mu muna nan zaune."

Dariya ta ɓarke, har Darakta. Ticha ya saci kallon Auta, ita kuma ta rufe fuska da mayafi.

Masu kamfanin, da suka ga mutane na guduwa, sun sauke Manaja, suka aiko a ba Auta haƙuri ta dawo. Ta ce za ta dawo da sharaɗi: ba za a ƙara ba kowa bayanan mutum ba sai da umarnin kotu, kuma abin da ba a buƙata a daina ajiye shi, a riƙa gogewa. Suka amince a rubuce. Hotunan da suka tayar da ƙura kuwa sun sa dole aka haƙa titi aka canja ruɓaɓɓen bututun. Ɗan Unguwa har yau ba a san ko wane ne ba.

Aka ɗaura aure, Tela ne ya ƙarasa ɗinkin da hannunsa. Auta ce ke raka surukinta asibiti duk ranar ganin likita, shi kuma duk inda ya zauna sai ya ce, "'Yata ce ta koya mini abin da shekaru ba su koya mini ba."

Wata rana suna shan shayi, Ticha ya dube ta ya ce, "Tsakaninki da Allah, kin san ko wane ne Ɗan Unguwar nan?"

"Ban sani ba."

"Amma in kin so za ki iya dubawa."

"Zan iya." Ta ƙara masa shayi. "Kuma ba zan duba ba."

Ya yi dariya, ya ce shi ya sa yake barci da daɗi.

To, 'yan'uwa matasa, sirrin mutum mutuncinsa ne. Kowa ya kula da nasa, ya kulle wayarsa, ya san inda yake zuba bayanansa. Wanda kuma Allah ya ɗora a kan sirrin wasu, ya sani amana ce aka ba shi, ba ta sayarwa ba ce, ko don tsoron manya, ko don neman yardar dangi, ko don soyayya. Auta ta yi kuka, ta rasa aiki, ta kusa rasa wanda take so, amma ta yi haƙuri ta tsaya a kan gaskiya. Daga ƙarshe ta sami mijinta, ta sami aikinta, ta kuma shiga gidan surukanta da kanta a ɗage.